Me ya haɗa gawa mai tafiya da waƙar Kirsimeti?

Tambayar da wani ƙanina ya aiko ita ce, ya ga bidiyo a waya, Turawa sun yi sahu kamar mawaƙan coci, sun sa jajayen huluna irin na Kirsimeti, amma an shafe musu fuska da farar hoda da wani jan abu kamar jini, tufafi duk a yayyage, suna rera waƙar Kirsimeti da karin nan da kowa ya sani, sai dai kalmomin duk zancen gawarwaki ne da suka fito daga kabari suna neman ƙwaƙwalwar mutane su ci. Shi ne yake tambaya wai wani sabon addini ne, ko tsafi ne, ko kuwa cin mutuncin Kiristoci ake yi.

To ƙanina kwantar da hankalinka, ba addini ba ne ba kuma tsafi ba ne. In ka taɓa tsayawa kallon ɗan kama a kasuwa ko a gidan biki to ai ka riga ka ga abin nan, fatar ce kawai ta bambanta. Me ɗan kama yake yi? Zai ɗauko waƙa mai nauyi, irin wadda makaɗin fada zai yi wa sarki, ko ya ɗauko salon malami mai jan baƙi yana fassara, ba zai taɓa karin ba ko kaɗan, murya na nan yadda take, fuska a murtuke kamar da gaske yake, amma kalmomin sai ya kwashe su ya zuba tuwo da miya da fura da tsoka a gurbinsu, jarumin da aka ce ya ci gari da yaƙi sai ka ji ashe akushi ya ci da yaƙi. Dariyar tana fitowa ne daga tsakanin abu biyu, kunnenka yana jin girma amma hankalinka yana jin ciki. Na daɗe ina koyar da waƙa da adabin baka, na kuma yi hunturu a Ingila lokacin da nake karatu, kuma wallahi ranar da na fara jin irin waƙar da kake magana a kai abin da ya faɗo mini kenan, na ce kai, ashe su ma suna da 'yan kama. Don shi zombin fim, wato gawa mai tafiya irin wadda ka gani a bidiyon, ba komai ba ne illa ciki mai ƙafa, ba ya tunani ba ya magana, ci kawai ya sani, Kirsimeti kuwa a can bikin ci ne da sha da sayayya. Ka ga an gamu.

Amma bari in fara raba maka shi kansa zombin don mutanenmu suna haɗa shi da fatalwa, alhali kishiyar juna ne ma. Fatalwa a wajenmu kurwa ce ba gangar jiki, zombi kuwa gangar jiki ne ba kurwa. Ba aljani ba ne, ba maye ba ne. Asalinsa Haiti, ƙasar nan ta yankin Karebiya da Faransawa suka tara bayi daga Afirka suna noman rake har bayin suka yi tawaye suka ƙwaci 'yanci a 1804. A imanin mutanen karkarar can, boka, wanda su ma abin mamaki suke ce wa bokor, yana iya tono wanda aka binne ya raba shi da hankalinsa ya mayar da shi bawa a gona, ba ya gardama ba ya neman lada. Wannan zombin na asali ba ya cin kowa fa, shi ake ci da gumi, abin tausayi ne, tsoron da ke ciki shi ne a ce ko mutuwa ba ta 'yanta ka daga bauta ba. Mu nan Najeriya da yawa ta bakin Fela muka fara jin kalmar lokacin da ya kira sojoji da ita, yana nufin masu bin oda ba tunani, abin da ya harzuƙa su har suka far wa gidansa na Kalakuta a Legas a 1977 suka ƙona. Ma'anar Fela ta fi kusa da ta Haiti nesa ba kusa ba a kan wadda ka gani a bidiyo.

Amurkawa sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a nan suka kwaso labarin, wani William Seabrook ya rubuta shi a littafi a 1929, aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. Amma wanda ya haifi zombin yanzu, mai jan ƙafa cikin ayari yana cin naman mutane, wanda in ya cije ka kai ma ka zama shi, George Romero ne da fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968 da ya ɗauka a wajen Pittsburgh da ɗan kuɗi kaɗan. Abin dariya a cikin fim ɗin ko sau ɗaya ba a ce zombi ba, gul ake ce musu, kalmar da Turanci ya aro daga Larabci, 'yan kallo da 'yan jarida ne suka liƙa musu sunan daga baya. Cin ƙwaƙwalwa kuwa ba ma na Romero ba ne, wani fim ne na rabin tsoro rabin barkwanci mai suna Return of the Living Dead na 1985 ya kawo shi, kuma shi ya fi komai amfani ga masu juya waƙa, zan zo kan dalili.

Yanzu waƙoƙin. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne su kansu waƙoƙin Kirsimetin da yawansu arannun kari ne, wato juya su aka yi tun farko. Akwai wata da ake rerawa a coci kan jaririn da ke kwance a cinyar Maryamu, What Child Is This, wadda William Chatterton Dix ya rubuta a 1865, karinta na Greensleeves ne, tsohuwar waƙar soyayya ta wani da budurwa ta yi wa wulaƙanci. Hark the Herald kuwa Charles Wesley ya rubuta kalmomin a 1739 amma karin da ake rera ta da shi yau Mendelssohn ya tsara shi a 1840 don bikin tunawa da Gutenberg mai injin ɗab'i, ba ruwansa da haihuwar kowa. Deck the Halls karin wata waƙar Wales ce ta daren sabuwar shekara, sai a 1862 aka sa mata kalmomin Turanci. Karin waƙar bishiyar Kirsimeti ta Jamusawa, O Tannenbaum, shi 'yan jam'iyyar Leba ta Birtaniya suke rera taken jar tutarsu da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, Aliyu Namangi na Zariya ai karin kiɗan caji ya ɗauko, kiɗan 'yan duniya, ya ɗora Imfiraji a kai, wa'azi da begen Annabi, don ya san kunnen jama'a ya riga ya saba da karin. To hanya ce mai zuwa da dawowa, malami ya ɗauko na 'yan duniya ya kai masallaci ko coci, ɗan kama ya ɗauko na manya ya kai bakin murhu. Masu zombi suna layin dawowa ne.

Me ya sa waƙar Kirsimeti ta fi kowace daɗin juyawa? Na farko dai kowa ya haddace ta ko yana so ko ba ya so. Daga an shiga Nuwamba a Ingila ko Amurka duk shagon da ka shiga, duk tashar rediyo, duk tallan talabijin, waƙoƙin nan guda nawa ne ake ta maimaitawa har ƙarshen Disamba, ni da ba bikina ba ne sai da na wayi gari ina rera su a banɗaki ban sani ba, to ka yi tunanin ma'aikacin kanti da yake jin su awa takwas kullum. Shi juyin waƙa ba ya ci sai mai sauraro yana jin ta asalin a cikin kansa a daidai lokacin da yake jin sabuwar, in bai san ta asalin ba to shirme kawai zai ji, kamar ka kai ɗan kama gaban wanda bai taɓa jin waƙar fada ba.

Na biyu kuma, wanda ni ya fi burge ni, siffar masu rera waƙar ce da kanta. A al'adar Ingila masu waƙar Kirsimeti ayari suke yi da dare cikin sanyi suna bin gida gida, su tsaya a ƙofa su rera, a ba su abin ci ko abin sha ko 'yan kuɗi, kusan dai yadda yaranmu suke tashe in azumi ya kai goma. A da can ma abin ya fi haka zafi, talakawa ne suke zuwa ƙofar mai gonar da suke wa aiki, sun ɗan sha, suna waƙa suna neman a fito musu da rabonsu, har yau a cikin We Wish You a Merry Christmas akwai baitin da suke cewa a kawo musu wani irin kek na bikin kuma ba inda za su sai an ba su. To tsaya ka kalli hoton nan da kyau. Dare ne, kana cikin gida da iyalinka kun rufe ƙofa, ga taron mutane a waje suna tafiya a hankali, sun taru a bakin ƙofarka suna fitar da murya ɗaya, abinci suke nema, kuma sun ce ba za su tafi ba. Ai fim ɗin Romero kenan sak. Wanda ya fara haɗa abin nan biyu ba wani nisa ya yi ba, ɗan taki ɗaya ya ƙara.

Shi ma Romero ya taɓo wajen ta wata fuskar. Fim ɗinsa na zombi na biyu Dawn of the Dead na 1978 a cikin katafaren rukunin kantuna aka yi shi a Monroeville kusa da Pittsburgh, gawarwaki suna ta yawo tsakanin shaguna saboda wai abin da suka saba yi kenan da suna da rai, habaici ne ƙarara ga masu haukan sayayya. Da dare suke ɗauka in an rufe kasuwa, kuma dole ta sa suka dakata na 'yan makonni a lokacin Kirsimeti don wahalar sauke kayan ado kowane dare a mayar kafin gari ya waye. Duk wanda ya ga bidiyon Black Friday, washegarin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, yadda mutane ke danne ƙofar gilashi tun asuba ana buɗewa su afka suna tattake juna a kan talabijin, ya san inda habaicin ya dosa. Shi ya sa waɗanda suka fi kyau a cikin waƙoƙin nan in ka saurara da kyau ba gawa suke zagi ba, masu rai suke zagi, surukin da ya zo ya share kwano, dangin da suka cika gida, layin kanti, bashin Janairu.

Bari in shiga cikin sana'ar kaɗan tunda nan ne fagena. Mai juya waƙa yana da ƙa'idoji da in ya karya su abin ya mutu. Gaɓa dole ta zo daidai, in layin asali gaɓa bakwai ne kai ma bakwai za ka kawo, kuma a Turanci ba adadin kaɗai ba har inda ake danna murya dole ya faɗa wuri ɗaya, kamar yadda mu a waƙar Hausa muke kula da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, in ka sa doguwa a gurbin gajera ko yaro zai ji karin ya karye. Sannan layin farko ana so ya yi kama da na asali sosai, a canza kalma ɗaya ko biyu kawai, kuma in son samu ne kalmar da aka sa ta yi amo irin na wadda aka cire, yadda mai sauraro zai ɗan yi daƙiƙa ɗaya yana zaton ta gaske ce kafin ya ankara. A nan ne ƙwaƙwalwa ta yi musu rana. Kalmarta a Turanci, brain, gaɓa ɗaya ce tak, ana iya jan ta a yi gurnani da ita, kuma tana amsa-amo da kalmominsu na jijiyoyi da sarƙoƙi da ragowar gawa da tabon jini, wato duk kayan aikin suna cikin kwando ɗaya. Gwada da namu, ƙwa-ƙwal-wa, gaɓa uku ga ƙ biyu masu tsaya wa mutum a maƙogwaro, ba ta jawuwa, da Bahaushe ne ya ƙirƙiro abin nan na tabbata da hanta ko ɓargo zai ce suna ci.

Kowace waƙa kuma da inda take bayar da kanta. Deck the Halls tana da amshin nan na fa-la-la da ba ya nufin komai, to sai a mayar da shi nishi da gurnani, ko mutum bai iya Turanci ba zai yi dariya. Jingle Bells, wadda James Lord Pierpont ya buga a 1857, dama waƙar gudu ce a keken ƙanƙara da doki ke ja, ko sunan Kirsimeti babu a cikinta, to sai gudun nishaɗi ya koma gudun ceton rai, karin ma da saurinsa kamar don haka aka yi shi. Wadda aka fi yi wa kaca-kaca ita ce ta kwana goma sha biyun Kirsimeti, wadda aka fara bugawa a Ingila wajen 1780, inda masoyi ke aiko kyauta kullum ana ƙara ɗaya ana maimaita na baya, in ka tara duka kyauta 364 ne. Wannan tsari na ƙirge shi ya sa ta zama ta malalata, kowa sai ya cire tsuntsaye da zobba ya jera yatsu da haƙora da idanu, kuma gaskiya yawancinsu ba daɗi, kafin a kai kwana na shida ka gaji. Wadda na ji ta yi ma'ana ita ce inda aka juya ƙirgen, maimakon kyauta na ƙaruwa sai mutanen gidan ke raguwa, mawaƙan ma kowane baiti sai ɗaya ya bar sahun masu rai ya koma sahun masu gurnani, har aka bar mutum ɗaya yana rerawa murya na rawa.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce fuska. Dole a rera ta da kyau, murya huɗu a jere yadda mawaƙan coci suke yi, ba murmushi ba ƙyafta ido. Da zarar mawaƙi ya fara yi wa kansa dariya to ya zubar. Ɗan kama na ƙwarai ai ba ka taɓa ganin haƙorinsa sai ya gama.

Wani zai ce to amma me ya kawo tsoro cikin bikin murna tun farko, ba Halowin ɗinsu na 31 ga Oktoba ne lokacin dodanni ba? Ai Kirsimetin Turai dama can da duhunta. Lokacin ne dare ya fi tsawo a shekara, a Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, mutane na zagaye da wuta, kuma ba da labarin fatalwa a daren Kirsimeti tsohuwar al'ada ce. Shahararren labarin Kirsimeti na Charles Dickens na 1843 ai fatalwowi huɗu ne a cikinsa suke zuwar wa wani marowaci. M. R. James malamin Cambridge a lokacin bikin yake tara abokai ya karanta musu labaransa na tsoro a hasken kyandir. A Ostiriya da kudancin Jamus ranar 5 ga Disamba samari suna shigar Krampus, dodo mai ƙaho da sarƙa da ke tsorata yara marasa ji. A kudancin Wales kuwa akwai Mari Lwyd, ƙoƙon kan mataccen doki ake kafawa a sanda a lulluɓe mai riƙe da shi da farin zane, a bi gida gida da shi, 'yan waje su yi baiti 'yan ciki su mayar, in na ciki suka kasa sai su buɗe ƙofa a shigo a ci a sha. Ka ji fa, mataccen abu a bakin ƙofa yana waƙa yana neman abinci, tun kafin a san wani Romero. Ko cikin waƙoƙin ibadar ma akwai ta Coventry, wadda reno ce ta iyaye mata ga jariran da sarki Hirudus ya sa a kashe, in ka ji karinta sai jikinka ya yi sanyi.

Yayin haɗa su da zombi musamman ya yi ƙarfi ne wajen 2009, shekarar da wani Seth Grahame-Smith ya ɗauko tsohon littafin soyayya na Jane Austen ya cusa masa zombi ya sayu kamar me, daga nan kowa ya shiga neman abin da zai cusa wa. A shekarar ne Michael Spradlin ya fitar da ɗan littafin waƙoƙin Kirsimeti na zombi, It's Beginning to Look a Lot Like Zombies, sunan kansa juyin sunan wata waƙa ce ta 1951. Shekara ɗaya bayan nan aka fara The Walking Dead a talabijin abin ya zama ruwan dare, YouTube kuma ya ba kowane ɗan makaranta mai hoda da jan fenti fage. A 2017 'yan Scotland suka yi Anna and the Apocalypse, fim ne na zombi a lokacin Kirsimeti da ake waƙa a ciki kamar fim ɗin Indiya, sai dai su waƙoƙinsu sababbi ne ba juyi ba.

Akwai kuma dalilin kuɗi da ya sa za ka ga tsofaffin waƙoƙi aka fi taɓawa. Duk waɗannan na shekarun 1800 haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa na iya yin yadda ya ga dama da su ya sayar. Amma irin White Christmas ta Irving Berlin ta farkon shekarun 1940 ko waƙar Rudolph, barewa mai jan hanci, ta 1949 har yanzu da masu su, kuma suna da lauyoyi. Shi Berlin ɗin da wasu sun taɓa kai mujallar barkwanci ta Mad kotu don ta buga sababbin kalmomi ta ce a rera da karin waƙoƙinsu, a 1964 kotu ta ba mujallar gaskiya, ai ba ta buga karin ba, a cikin kan mai karatu yake. Shi ya sa littattafan irin wannan kalmomi kawai suke bugawa su bar ka ka rera da kanka. A 1994 kuma kotun ƙolin Amurka ta ce juyin barkwanci yana iya halatta ko da na sayarwa ne, Birtaniya ba ta sa irin wannan sassauci a dokarta ba sai 2014.

Saura tambayarka ta ƙarshe, cin mutunci ne? A nan sai an rarrabe. Waƙoƙin lokacin kashi biyu ne, akwai na hunturu da shagali, ƙanƙara da ƙararrawa da bishiya da tsohon nan mai jar riga da ake cewa yana kawo wa yara kyauta, waɗannan ko limamin coci zai iya yin dariya in an juya su don ba ibada ba ne. Akwai kuma na ibada tsantsa masu maganar haihuwar Annabi Isa, Yesu Almasihu a bakin Kiristoci, irin Silent Night da wani limamin coci mai suna Joseph Mohr ya rubuta Franz Gruber ya sa mata kari aka fara rera ta a ƙauyen Oberndorf na Ostiriya a 1818. Ana juya waɗannan ma, kuma Kiristoci da yawa a can ɗin ma ba sa jin daɗi, balle masu wuce gona da iri su haɗa da zancen tashinsa daga matattu. Ni a ganina ban da rashin ladabi ma rashin iya sana'a ne, waƙar reno ce mai sanyi, ba ta da cika baki ko ƙyale-ƙyalen da za a sace wa iska, in ka zuba mata jini ƙazanta kawai ka yi. Ɗan kama yana kwaikwayon salon malam ne da yadda yake gyara murya, wanda ya san aikinsa ba ya taɓa abin da malam ɗin yake karantawa.

Kuma kar ka ɗauka yadda Bature ya ji abin haka maƙwabcinka zai ji. Kiristan Wusasa ko na Jos ko Kafanchan da yake rera waɗannan waƙoƙin da Hausa daga Littafin Waƙoƙi, shi a coci ya san su, bai san su a kanti ana tallan takalmi da su ba, gundurar da ta sa Bature yake son ya rama a kansu shi ba ta same shi ba. Sannan ga maganar gawa ita kanta. A can mutum sai ya girma ya yi furfura bai taɓa ganin gawa ido da ido ba, kamfani ne ke ɗauka ya shirya, wani lokaci sai bayan mako biyu ko fiye a yi jana'iza, to gawa a wajensa abin fim ce. Mu kuwa mu muke wanke namu da hannunmu mu ɗauka a kafaɗa mu sa a ƙasa kafin rana ta faɗi, ko makarar wanda ba ka sani ba ce ta wuce sai ka yi shiru. Na taɓa kunna wa ɗalibaina ɗaya a aji don in nuna musu yadda ake riƙe kari a canza kalma, na zaɓi ta gudun keken ƙanƙara don na san ba ta taɓa addinin kowa, rabin ajin suna ta dariya har da buga tebur, wata ɗaliba kuwa da ba ta daɗe da rasa mahaifinta ba ta tashi ta fita, ban sani ba sai daga baya aka gaya mini. Tun daga ranar in zan koyar da darasin da ɗan kama nake farawa, na zombin kuwa sai in rubuta sunan a allo in ce mai so ya nema a wayarsa in ya koma gida.